Shukar Kawu Remzi

"Sake ni, Amarya. Ƙafata ce kawai ta zame."

Gulizar ba ta sake shi ba. Ta cusa hannuwanta ta ƙarƙashin hammatarsa ta yi ta ja, taɓo yana cin ƙafafunta har idon sawu, sai da ta jingina shi da wani dutse. Kwandon da ya goyo ya kife can gefe. Baƙar ƙasar da ya ɗebo daga kurmi ta watse a kan jan yumɓu, ruwan sama yana wanke ta a kan idonsu.

"Tun yaushe kake kwance a nan, Kawu?"

"Ban daɗe ba."

"Ka jiƙe har fata, ka ce mini ba ka daɗe ba. Tun da hantsi nake hango baƙin abu daga gonata. Na ɗauka buhu ne iska ta yar."

"Ai buhun ne," in ji Kawu Remzi. "Tsohon buhu. Miƙo mini shukar can kafin saiwarta ta sha iska."

Ta duba inda yake nunawa. Wani ɗan reshe ne mai ganye kore, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, da curin saiwa siri-siri kamar gashi. Ta ɗauka ta cusa masa a cikin riga don kawai ya yi shiru, sannan ta ɗora hannunsa a wuyanta. Gulizar ta haura sittin, mijinta ya rasu, jikokinta suna makaranta a birni, amma tun ranar da aka kawo ta ƙauyen nan a kan alfadari Kawu Remzi yake kiranta Amarya, kuma bai ga dalilin canzawa ba. Suka gangaro a hankali, yana jan ƙafar hagu, yana nishi ta hanci don kada ta ji. Abin da ya tsorata ta ba nishin ba ne, rashin nauyinsa ne. Buhun ganyen shayin da take goyo ya fi shi.

Duk wanda ya biyo hanyar rafi ya ɗaga kai, abin da zai fara gani ke nan: dutse kore shar daga sama har ƙasa, sai wani jan tabo a tsakiya kamar an feɗe masa fata. Da can wurin duk komar ne, itacen nan da ya rufe kurmin ƙasar, wanda ganyensa ba ya zuba ko dusar ƙanƙara ta danne shi, in bazara ta yi kuma ya rina duwatsu da fure launin shunayya. Shekarun da shayi ya yi daraja, kowa ya ɗauki gatari. Mijin Gulizar ya sare nasu, mai gari ya sare nasa, Kawu Remzi ma ya sare, ya tone kututture ya ƙone, ya jera shayi layi-layi a gangaren da ke saman gidansa. Aka ci moriya shekaru. Sai wata shekara aka yi ruwan da ya ƙi tsayawa, wata rana da azahar gangaren ya saki. Kawu Remzi yana masallaci. Matarsa Asiye tana gida tana kwaɓa garin masara, tare da jikarsu Melike, 'yar ɗansu Nejati, wadda iyayenta suka bari ta sha iskar ƙauye wurin kakanni. Ko makaranta ba a sa ta ba. An tono Asiye bayan kwanaki. Yarinyar kuwa, an yi tono da hannu, an yi da injin, har kowa ya gaji. Tana nan a ƙarƙashi.

Nejati ya zo ya yi tono har farcensa ya fita, sannan ya shiga mota ya koma gidan burodinsa a Ankara. Bai zagi uban ba, bai ce masa kanzil ba. Bai dai sake taka ƙauyen ba. Sallah-sallah yake kira, a gaisa sama-sama.

Kawu Remzi ya koma gidan marigayi ƙanensa, wanda katangar dutse ɗaya ce ta raba lambunsa da na Gulizar. Da sanyin shekarar ya wuce, sai aka ga ya fara wani aiki. Ya shiga kurmi ya sami komar, ya lanƙwaso reshen ƙasa, ya ɗan kankare ɓawon, ya danne da dutse ya rufe da ruɓaɓɓen ganye. In shekara ta zagayo reshen ya yi saiwa, sai ya yanke shi daga uwar, ya goyo shi da ƙasarsa a kwando, ya hau jan gangaren ya dasa. Mutane suka yi ta dariya a ɓoye, daga baya suka koma girgiza kai, daga baya ma suka daina dubawa, don su kansu sun fara tafiya. Wannan ya bi 'ya'yansa Istanbul, wancan ya sauka garin bakin teku. Gidajen da ke hayaƙi da sanyi a ƙauyen yanzu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Gulizar ta taɓa tare shi a bakin katanga ta ce, "Kawu, abin nan ko ba ka so yana fita a bayan bandaki. Mutane suna yaƙi da shi, kai kana goya shi kamar ɗa."

"A bayan bandaki yana fita," ya ce. "Inuwa yake so da ƙasa mai laushi. Can kuwa yumɓu ne da rana. In an yi ruwa saiwar ta ruɓe, in an yi rana ta ƙone."

"To ka bari mana."

"Yarinya tana kwance a fili, Amarya. Ko inuwa babu."

Ba ta sake yi masa maganar ba.

Yanzu ta zaunar da shi a bakin gado, ta hura murhun ƙarfe, ta ajiye masa busassun kaya, ta fita baranda ta tsaya har ya ce ya gama. Kafin la'asar jikinsa ya ɗauki zafi. Washegari tari ya zo, mai zurfi, kamar ana jan ƙarfe a kan tsakuwa. Mai gari ya kira motar asibiti daga bakin teku. Wata likita matashiya ta hawo, ta ɗora abin sauraro a bayansa, ta ce sanyi ya kama huhu, ƙugun ma ba ta yarda da shi ba, a ɗauke shi yanzu.

"'Yata," in ji Kawu Remzi, "na gode da hawa dutsen nan da kika yi. A ba ta shayi."

"Baba, in ka zauna a nan ba zan iya yi maka alkawarin komai ba."

"In na bi ki fa?"

Likitar ta sunkuya tana naɗe abin sauraronta.

"Kin gani. A ba ta shayi."

Ta bar magani ta tafi. Daga nan jinya ta koma hannun Gulizar da matar mai gari, wadda ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Da sassafe Gulizar ta tatsi saniyarta, ta ƙetara katanga da madara mai ɗumi. Da rana miyar kabeji, ta marmasa masa burodin masara a ciki. Yana ci kaɗan, yana tsokanarta.

"Marigayi mijinki ya yi haƙuri. Duk shekarun nan wannan miyar yake sha?"

"Har da ƙari yake nema."

"Tsoronki yake ji."

"Buɗe baki, Kawu. In ka warke sai ka dafa taka."

Wata safiya da zazzaɓin ya ɗan sauka, ya ce ta matso da kujera. Yanar ido ta rufe masa idanu tuni, haske da duhu kawai yake bambancewa, don haka yana magana yana kallon wajen taga.

"Kin san komar?"

"Kawu, tun ina amaryar gaske nake hura wuta da shi."

"Busasshensa kika sani. Ƙaraminsa ɗanye fa? Mutane da yawa itacen karayemish suke gani su ce shi ne, don duk ganyensu kore ne mai sheƙi." Ya ɗaga hannu ya ware yatsunsa. "Ganyen komar taruwa yake a kan reshe, haka, toho a tsakiya. Gefensa sumul. Na karayemish kuwa ɗaya bayan ɗaya yake hawa sanda, da 'yan haƙora a gefe. In kin rikice, murza ki shaƙa. Karayemish yana da ƙanshi mai ɗaci. Komar ba ruwansa, ba ya ƙanshin komai. Akwai ɗan'uwansa mai fure ruwan ɗorawa, shi yanzu tsirara yake, ya zubar. Ban taɓa dasa shi ba. Wanda ba ya zubarwa nake so."

"Makaranta ka buɗe mini da tsufana?"

"Aike zan yi miki." Tari ya tsayar da shi, ta riƙe masa kofi har ya lafa. "Na ƙasan gangaren na san labarinsu, da hannuna nake taɓa su, babu mai rai. Na sama nake tambaya, wajen da gidan yake. Su na dasa ina da ƙarfi. Rami mai faɗi na yi musu, na cika da ƙasar kurmi, ban binne wuyansu ba. Kowanne na kewaye shi da duwatsu. Rabona da kaiwa can tun bara waccan, ƙafa ta ƙi. Ki hau ki duba mini su."

Gulizar ba ta son wurin. Asiye ƙawarta ce. Tare suke yankan shayi, tare suke zagin mazajensu, kuma tana cikin matan da suka yi mata wanka suka cire mata yumɓu daga gashi. Tun daga ranar ba ta taɓa wuce tsakiyar gangaren ba. Amma ta ɗaura kallabi ta ɗauki sanda.

Gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen, yayyafi yana ta zuba ba ƙara. Ta hau tana kafa sandar, tana hutawa, yumɓu yana manne mata yana ƙara wa ƙafafunta nauyi. Inda gidan yake babu alamar gida, sai ƙusurwar wani dutsen tushe da ta leƙo. A nan ta fara ganin da'irorin duwatsu. Ta ɗauka 'yan kaɗan ne. Da ta ɗaga kai sai ta gan su sun bazu ko'ina, sama da ƙasa, hagu da dama, wasu ruwa ya warwatsa su, wasu suna nan daram yadda ya jera su. Duk baƙar ƙasar da ke cikinsu a bayansa ta hau. A tsakiyar kowace da'ira akwai ɗan busasshen tsinke. Wasu da sauran ganye a jiki, ya naɗe ya yi launin taba. Ta kama ɗaya ta ja kaɗan, ya biyo hannunta ba gardama, saiwar baƙa, tana wari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen tabon, tana kankare ɓawo da farce ko za ta ga kore a ciki. Ba ta gani ba.

Ta zauna a kan dutsen tushen ta daɗe. Sannan ta miƙe ta ratsa ta gefe zuwa bakin kurmi, inda ba a taɓa sara ba. A nan komar ya fi ta tsawo, ya sarƙe ko akuya ba za ta ratsa ba, ganye yana ɗigar ruwa. Ta duba, ga ganye a tare kamar yatsu, ga toho a tsakiya. Ta murza ɗaya ta shaƙa, babu ƙanshi. Ta zaɓi reshen da ya fi kyau ta karyo.

"Ka ga naka," ta ce tana shiga, tana karkaɗe ruwa daga kallabinta. "Suna nan. Wasu sun mutu, amma da yawa sun kama."

Ta sa masa reshen a hannu. Ya shafa sandar daga ƙasa zuwa sama. Ya bi gefen ganye da babban yatsa. Ya kai kan tohon ya tsaya, ya ɗan matsa shi a hankali. Tana kallon fuskarsa.

"Sannu da wahala, Amarya," ya ce. "Har kurmi kika shiga."

"Wane kurmi? A wajen gidan na karyo."

"Ji faɗin ganyen nan. A inuwa ya girma. Wannan tohon mai ƙiba kuma na fure ne, uwarsa ta girme ki." Ya ɗora reshen a kan bargo, bai sake shi ba. "Ko ɗaya?"

Ta so ta ƙara wata ƙaryar, ta rasa ta inda za ta kamo.

"Ko ɗaya, Kawu."

"To."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ta zauna tana jiran ya ce wani abu, ko ya yi mata faɗa, ko ya yi kuka. Itace kawai yake ƙara a murhu. Duk yinin ranar abu ɗaya ne yake yi mata yawo a ka: da ta zaɓo ƙanƙanin reshe, mai rawayan ganye, wanda ya sha wahala, da wataƙila ya yarda.

Daga ranar ya daina tsokanarta a kan miya, don ya daina sha. Madara ma sai ta yi da gaske yake haɗiye cokali ɗaya. Gulizar ta je gindin rumbunta, inda waya take kamawa, ta kira Ankara. Tana jin ƙarar tire-tire da hayaniyar masu saye a bayansa.

"Yaya Gulizar, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Babanka ne. Ya faɗi a gangare, sanyi ya shiga huhunsa. Ya daina ci."

"Me ya kai shi gangare?"

"Ka san abin da yake kai shi."

Sai ya ce, "Shi ya ce ki kira ni?"

"Bai ce ba."

"To. Zan ga yadda za a yi."

"Ba maganar yadda za a yi ba ce, Nejati. Ubanka ne yake mutuwa."

"Na ji, Yaya."

Da ta koma ta gaya wa tsohon ta kira ɗansa. Ya buɗe ido.

"Ya ce yana hanya?"

Wannan karon ba ta yi ƙoƙarin gyara masa komai ba. "Ya ce ya ji."

"Ya ji," in ji Kawu Remzi. Sannan ya ƙara, "In ya zo, kada ki kai shi can sama."

Ya ƙara kwanaki. Hankalinsa yana zuwa yana tafiya. Wani lokaci ya kira ta Asiye, ya tambaye ta ko ta shigo da yarinyar, ga hadari ya haɗu. Gulizar ta ce ta shigo da ita, tana barci. A wannan bai kama ta ba. Ran nan da hantsi, mai gari yana zaune a kansa yana karanta Yasin a hankali, ita tana jiƙa masa leɓe da auduga, sai ya ce a buɗe ƙofa, ɗakin ya yi masa kaɗan. Ta tashi ta buɗe. Iska mai sanyi ta shigo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin ta dawo kan kujerarta, mai gari ya dakata da karatun, ya sunkuya yana laƙana masa kalmar shahada. Leɓen tsohon ya motsa. Ya ja numfashi ya sauke, suka jira na gaba bai zo ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mai gari. Ya shafe masa ido. "Gulizar, samo ƙyalle mu ɗaure masa haɓa."

Ta samo. Sai da ta ji lasifikar masallaci tana sanar da sunansa da sunan ubansa ga ƙauyen da babu kowa, sautin yana bugun dutsen ƙetare yana dawowa, sannan ta zauna a kan katanga ta rufe fuska da gefen kallabi.

Aka jinkirta jana'iza zuwa azahar ɗin washegari. Nejati ya iso ana fito da makara. Gulizar ba ta gane shi ba da farko. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari, ya ɗan sunkuya kamar uban. Maza ba su isa ba sai da aka hawo daga ƙauyen ƙasa, kuma a tudun maƙabarta sai da suka yi ta sauya kafaɗa, don duk tsofaffi ne. Aka sa shi kusa da Asiye. Gulizar ta tuƙa alewar gari a babbar tukunya aka raba wa mutane, kowa ya ci ya yi addu'a ya kama hanyar gida tun ruwa bai ƙaru ba.

Da la'asar Nejati ya same ta tana wanke tukunyar.

"Yaya Gulizar, raka ni can sama."

"Ya ce kada in kai ka."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Bai ce komai ban da wannan ba?"

Ta yi tunani, don ta ba shi wani abu ya riƙe. Babu. "Bai ce ba."

"To zan hau ni kaɗai."

Ta dube shi, ta dubi takalman birnin da ke ƙafarsa. Ta ajiye soson, ta ɗauki sandarta.

Ya faɗi a hanya, gwiwar wandonsa ta yi ja, bai kakkaɓe ba. Da suka kai wajen dutsen tushen ya tsaya yana haki, yana juyawa yana kallon da'irorin duwatsun.

"Duk wannan shi ya yi?"

"Shi kaɗai."

"Ana gaya mini yana shuka. Na ɗauka 'yan biyu ne ko uku." Ya taka zuwa wata da'ira, ya taɓa tsinken da ƙafa, ya janye ƙafar da sauri. Ya yi ta zagayawa. Can ya kira ta, muryarsa ta ɗan ɗaga. "Yaya, zo ki gani. Ga ɗaya ya rayu."

Ta ƙarasa. A gindin wasu duwatsu, inda baƙar ƙasa ta taru, wani ɗan tsiro ne kore shar mai sheƙi, ko gwiwa bai kai ba. Ranar da ta hawo ba ta lura da shi ba. Ta durƙusa. Ganyen ɗaya bayan ɗaya yake hawa sanda. Ta tsinke ɗaya ta murza ta kai hanci, ɗacin ya bugo ta.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Karayemish ne. Tsuntsu ne ya yar da ƙwallon."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To mene ne bambancin? Kore dai kore ne."

Bai jira amsarta ba. Ya durƙusa a cikin taɓon da kayansa, ya ɗora tafin hannu a kan yumɓu, ya bar shi a nan. Yayyafi yana taruwa a gashin kansa.

"Ban tuna muryarta ba, Yaya," ya ce. "Na yi ta ƙoƙari a mota. Fuskar tana nan saboda hoto. Muryar ta tafi."

"Tana da ɗan tsamin baki," in ji Gulizar. "Ba ta iya kiran sunana ba. Guli take cewa."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe a haka, har ta fara jin sanyi yana shiga ƙashinta. Sannan ya miƙe ya shafe hannun a jikin wandonsa, suka gangaro.

Nejati bai kai kwana bakwai a ƙauyen ba. Ya ce gidan burodi ba ya jira, ba ta yi masa musu ba. Ranar da zai tafi ya rufe tagogin katako, ya kashe ruwa, ya ba matar mai gari barguna da sauran garin masara. Yana shirin sa kwaɗo Gulizar ta ce, "Ba ka fitar da takalmansa ba."

"Har yanzu ana yi?"

"Ana yi. Ka ajiye a ƙofa, mabuƙaci ya ɗauka, ladan ya kai masa."

Ya koma ciki ya fito da su, baƙaƙen takalman roba, dugadugan sun cinye ta gefe ɗaya. Ya ajiye su a kan dakalin ƙofa ta bakin hanya, ya daidaita su, hancinsu yana kallon waje. Ya sumbaci hannunta ya kai goshi, ya ce ta yafe masa wahalar da aka ba ta. Ta ce babu komai, Allah ya kiyaye hanya. Ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace a kwanar rafi.

Ba wanda ya bi ta hanyar ranar. Washegari ma haka. Mai gari da matarsa suka sauka bakin teku wurin 'yarsu su yi sanyi a can, ya rage hayaƙinta sai na wata tsohuwa can ƙarshen ƙauye wadda ba ta fita. Kowace safiya in Gulizar ta fito da bokitin tatsa, sai ta gan su a inda ya ajiye su. Ruwa ya yi ta zuba a kansu, ya wanke jan yumɓun da ke jikinsu ya gangara da shi ta kan dakalin. Sun cika har baki. Ran da sanyi ya fara sauka sosai, ta tarar ruwan cikinsu ya yi 'yar ƙanƙara a sama, siririya kamar gilashi, ta tsaya ta duba, sannan ta wuce wajen saniyarta.